Mai Share Ƙofar Shago

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya kotu? Wayarka kullum a kashe, shi ya sa na ɗauko biro.

Jiya wani ma'aikacin kotu ya zo shagon ɗinkina, wai nan wani Ƙwaro yake zaune? Na ce ƙwaron da na sani yana cikin yadi. Bai yi dariya ba, ya ce sunanka ne a kan shari'ar a matsayin lauya. Wane ne Ƙwaro? Me ya haɗa shi da shagona?

Af, mai share mini ƙofa kafin in fito ya daina. Ban taɓa ganinsa ba. Da ma mai gyaran wayar nan nake zargi, har na fara yi masa murmushi.

Ka gaida gida.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya.

Ki rage murmushin nan. Ƙwaro ne mai sharar. Shekarunsa sha shida, ba shi da kowa a garin nan. Tun bara yake kwana a ƙarƙashin rumfarki, ya ce shara ce kuɗin hayarsa.

An yi kame a tasha aka haɗa da shi, wai yawon banza. Ofishinmu ke tsaya wa irin waɗannan yara kyauta. Alƙali zai ba da belinsa in akwai adireshi da babban da ya san shi. In babu, gidan yari zai zauna har a gama shari'a. Da na tambaye shi gida, ya ce shago mai koriyar ƙofa. Wallahi nan take na gane shagonki yake nufi.

Ba na so ki yi ƙarya. Ranar Litinin za a zauna.

Na bar ki lafiya.
Ƙaninki

Auta,

Ina amsawa. Na leƙa bayan tankin ruwa, na ga kwali a ninke da bargon da ya harhaɗa da ƙyallayen da nake zubarwa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ɗinkin! Da me ya yi shi, da ƙusa? Wa ya koya masa? Yana cin abinci a can?

Zan zo Litinin. Ka ce wa alƙali ya gyara takardarsa: ba ƙofar shago ba, cikin shago. Na riga na yanko mabuɗi.

Sai na zo.
Yayarka