Harshen Gidan su Ilham

Takoma Park, 4 ga Maris

Gwaggo Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ina fatan kina shan maganin, ba a kan firij kika jera shi ba kamar yadda kika saba.

Na san za ki ce daga nan zuwa Hyattsville tafiyar minti ashirin ce, me ya kawo wasiƙa? Maganar ce ba zan iya kallon idonki in faɗa ba.

Kin san ofishinmu ke sa ido kan makarantun cata, waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu amma wasu ke tafiyar da su. Muna rubuta tsarin aiki na shekara biyar, ni kuma na sa sashen da zai tilasta musu ɗaukar malaman koyar da Turanci da masu yi wa iyaye fassara. Shugabata, Linda, ta ce za a cire shi, wai alƙaluma ba su nuna buƙata ba. Na duba wata makaranta da na san yaranmu sun haura talatin a ciki. A fom ɗin shiga akwai tambaya: wane harshe ake yi a gida? Ko ɗaya ba a rubuta Hausa ba.

Ranar Juma'a Malam Fatihu, direban nan da ya zo daga Zinder, ya kawo mini takardar makaranta in karanta masa. 'Yarsa Ilham, shekararta tara, wata bakwai tana aji ba ta buɗe baki ba. Tunda fom ya ce Turanci ake yi a gidansu, sun ɗauka kanta ne ba ya ja, za ta maimaita aji. Na yi mata tambayar lissafi da Hausa, kafin in rufe baki ta ba ni amsa. Na tambaye shi wa ya cika fom ɗin, ya ce, "Hajiya ce, Allah ya saka mata. Ita ke cika wa kowa." Ke yake nufi, Gwaggo.

Ranar 21 ga wata za a yi zaman jin ra'ayin jama'a. In iyaye ba su gyara fom sun zo ba, sashen ya tafi, Ilham kuma ta rasa shekara. Ni ba za su saurare ni ba, Gwaggo. Ke za su saurara.

'Yarki,
Radiyya

Hyattsville, 7 ga Maris

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Shekara talatin ina aikin nas, ba ke za ki koya mini shan magani ba.

Tunda takarda kika zaɓa, ga takarda. Ni na cika, ban musa ba. Amma kina goye a Zariya lokacin da na kai ɗana Haidar makaranta a nan, a 1996. Na rubuta Hausa da hannuna, ina alfahari. Yaron da ke karanta wa ubansa jaridar Turanci, suka kwashe shi zuwa ajin koyon Turanci, wani ɗaki kusa da wurin ajiye tsintsiya, yana fentin hoton tuffa ana lissafi a ajinsu. Shekara biyu ina sintiri a ofishinsu, in tashi daga aiki da kayan asibiti a jikina, kafin su sake shi. Ranar na yi rantsuwa ba ɗan wanda za a sake yi wa haka ina raye.

Yanzu so kike in bi gida-gida in ce wa mutanen da suka amince da ni na ɓatar da su? Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Ku masu tsari kun iya buɗe ƙofar shiga. Ta fita fa, wa ya rubuta ta?

Ki gaida maigidanki. Shi bai yi mini komai ba.

Gwaggonki

Takoma Park, 11 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na kira Yaya Haidar. Ya yi dariya ya ce har yau ba ya cin tuffa. Ban taɓa sanin wannan labarin ba.

Tambayarki ta hana ni sakat. Na koma kan sashen nawa, shafi shida cur, ban sami layi ɗaya da ya faɗi yadda yaro zai fita daga ajin ba. Na ji kunya. Na ƙara: a gwada yaro da zarar uwa ko uba sun nema, a ba su sakamako cikin harshensu, kuma duk makarantar da ta riƙe yaron da ya ci gwaji sai ta zo gabanmu ta yi bayani. Ga kwafi nan, ki sa jan bironki.

Ban ce ki zo ba. Roƙona ɗaya, ki je ki ga Ilham.

'Yarki,
Radiyya

Hyattsville, 16 ga Maris

Radiyya,

Salamu alaikum. Na je. Na tambayi yarinyar me take yi a aji tun safe har yamma. Ta ce, "Ina kallon bakin malama, in ta yi dariya in yi." Ta ce ba ta shan ruwa da safe, don ba ta san yadda ake neman izinin fita ba. Na koma mota na yi kuka, ni kaɗai.

Gida goma sha tara na shiga da wannan ƙafar. Wata ta ce, "Hajiya, ai ke kika ce mu sa Turanci." Na ce ni ce, kuma ni ce na dawo. Uku sun ƙi, ban ga laifinsu ba. Fom ɗin Ilham na fara gyarawa, ni da ubanta muka kai.

Takardarki ta yi, sai dai Turancin ya yi kauri. Na soke miki wuri huɗu.

Gwaggonki

Hyattsville, 19 ga Maris

'Yata Radiyya,

Ina gaisuwa. Ki sa sunana cikin masu magana jibi. An ce minti uku ake ba kowa. Da Hausa zan yi nawa, daga farko har ƙarshe, kuma ko sun juyo suna kallonki kada ki fassara. Ilham ta yi wata bakwai. Su yi minti uku.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki Hannatu