Kyaftin, Karen da Abel Ya Bar Min

Asabar, 6 ga Afrilu, 2024

Abel ya tafi. An sake tura su daji, sai bayan damina in Allah ya yarda. Na zaci ɗan nawa zai bar min fitila mai sola, sai ya sauke min kare. Wai kare! Gajere, ƙato a ciki, fuska a lotse kamar an buga ta da bango, idanu a waje. Matar ogansa ce ta ba shi da za su koma Legas. Sunansa Kyaftin. Ɗana kofur, karensa kyaftin. Da zai hau babur ya riƙe hannuna ya ce, "Mama, don Allah in dawo in same shi da rai." Ni da na raini 'ya'ya biyar da awaki ba adadi ake wa wannan roƙo. Na ce jeka, Allah ya tsare.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ido biyu ma minshari yake yi. Na dawo daga coci na zaci aladen wani ne ya shigo min gida.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Philemon maƙwabcina ya leƙo ganinsa. Tsohon mafarauci ne, ya san kare. Ya zagaya shi, ya duba haƙora, ya ce, "Maman Abel, wanga ko gafiya ta gan shi sai ta yi dariya." Bai rufe baki ba zakarana ya kori Kyaftin har ƙarƙashin rumbu. Gudun ma abin kallo, ƙafafun baya a haɗe yana tsalle. In ya zauna kuwa, tashi sai ya yi shawara da ƙugunsa. Sangarta ce kawai. Abincin kantin da Abel ya bari na zuba wa kaji. Tuwon dawa muke ci a gidan nan, shi ma shi zai ci.

Talata, 16 ga Afrilu

Kyaftin ya tsaya a bakin dakali yana kallona, wai in ɗauke shi. Ashe zai kwana a nan.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bari in rubuta abin da ya faru.

Yau aka yi min gayyar sharar gona, can hanyar Dabai. A ƙasar nan kare yana bin mai shi gona, haka muka tashi muka gani. Wanda ba ya zuwa gona, me ya raba shi da kyanwa? Na ce yau zan mai da shi kare. Na ɗaura masa igiyar akuya a wuya muka kama hanya, rana ta riga ta ɗaga. Ba mu kai busasshen rafi ba ya zauna. Na ja. Su Larai na Zumuntar Mata ta cocinmu suna bayana suna ƙyaƙyata dariya, kunya ta kama ni, na ƙara ja da ƙarfi. Sai numfashin ya canja, wani irin kuka mai kaushi daga maƙogwaro. Harshen ya fito ya yi duhu, ya faɗi ta gefe, ƙafafu suna shure-shure. Larai ce ta juye masa ruwan shanmu. Philemon ya ɗauke mu a babur zuwa asibitin dabbobi a cikin gari, ni da kare a cinya, duk kasuwa tana kallo.

Likitar kuma Dinah ce, 'yar Alice ta cocinmu, yarinyar da na ga ranar da aka yi mata baftisma. Ta sa masa iska a hanci, ta yi masa allura, sannan ta juyo a ladabce. "Mama, wa ya ɗaura masa igiya a wuya?" Ta ce irinsu haka ake haifarsu, ƙofofin hanci a matse, hanyar iska 'yar siririya. Zafi da ja a wuya suna iya kashe shi nan take. Ta lanƙwasa masa ƙafar baya ya yi ƙara, ta ce ƙashin cinyar bai zauna daram a gurbinsa ba, tafiya ma ciwo take masa. Wai can ƙasar Turawa aka yi ta haɗa iri har hancin ya shige ciki, don suna ganin hakan kyau ne. Ji min mutane! A zauna a ƙera ciwo, a sa masa wutsiya, a ce ado.

Igiyar dai ta akuya ce, kuma akuya ba ta taɓa ƙorafi ba.

Litinin, 22 ga Afrilu

Dokokin Dinah sun fi na bariki. Ba tuwo, don ƙiba tana danne ƙugun. Ba rana. Ɗamara a ƙirji maimakon igiya. Magani a ɓoye cikin kifi, tsumma mai ruwa a kan cikinsa in an yi zafi. Marigayi mijina bai samu wannan hidima ba, shi da ya yi wa ƙasa yaƙi.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Abel ya kira bayan coci. Ban gaya masa ba, me zan ce? Ya tambayi lafiyata a gurguje, sai ya ce in kai wayar kusa da hancin Kyaftin. Na kai, ina tsaki. Ya daɗe yana sauraron minsharin. Can ya ce, "Mama, tun abin da ya same mu bara, in na rufe ido su Michael abokan aikina nake gani, yadda muka kwaso gawarwakinsu. Minsharin nan ne kawai ke sa ni barci. In na ji shi na san ba a daji nake ba." Na ce to yanzu fa? Ya ce yanzu ba ya barci sosai, amma yana tuna cewa Kyaftin na nan wurina.

Wata guda Abel ya yi a gidan nan yana cin tuwona yana dariya, ban gane komai ba. Ni na haife shi, amma kare ya riga ni sani. Haushi ya cika ni, ban ma san na wa ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Kwanon rufi ya yi zafi da rana, numfashin Kyaftin ya so ya sake rikicewa. Na yi ta yi masa fifita da faifai har ya lafa. Ba don shi ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Ruwa ya sauka jiya, dole a shuka dawa yau tun ƙasa tana da laima. In na kulle shi a ɗaki kwano zai dafa shi, gidan kuma ba kowa. Tafiya ba zai iya ba. Na tsaya ina kallonsa yana kallona da idanun nan nasa. To, ya zan yi? Na ɗauko tsohon zane na goya shi, na saki ɗaurin kaɗan don kada ya matse masa ƙirji.

Larai ta hango mu ta saki guɗa. "Barka da arziki, Maman Abel! Yaushe ne suna?" Na ce ta ji da gonarta da ciyawa ta cinye. Philemon ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe.

Nauyi gare shi, ga wari, ga yawu a wuyan rigata. Duk hanya yana ja min minshari a bayan kunne. Wajen rafi sai ya yi tsit. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, na kama kaina ina jijjiga shi ina kiran sunan Yesu, har sai da ya sake ja. Barci ne kawai ya ɗauke shi, mummunan banza.

Gobe da wuri za mu fita, kafin rana ta yi.