A Jira Malam Ashafa Magini

Challawa, Kano
12 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna?

Direban Auyo ya kawo mini labarin cewa ambaliya ta cinye ɗakin Inna da katangar gabas. Mun gode Allah da ba a rasa rai ba.

Yaya, kada a ba Sule Dogo gyaran nan, ko da Baffa ya sa baki. Shi ya yi katangar bara da ɗanyen tubali. Ku je wurin Malam Ashafa na bakin kasuwa. Na yi masa lebura shekara biyu. Na taɓa ganin ya rushe ginin da ya yini yana yi don ya ɗan karkace, ya ce mini, "Idrisu, mutum ne zai kwana a ciki." Ba ya sauri, amma ku jira shi. Ku ce ya sa harsashin dutse, kuma shi zai zaɓi kafinta.

Ni lafiyata ƙalau. An rage ma'aikata a majemarmu, Allah ya tsallakar da ni. Ruwan jima ya ɗan ci mini yatsu, shi ya sa rubutuna ya lalace, amma kada Inna ta ji. Na nemi hutu an hana. Kwanon rufi yana tafe a motar Juma'a.

An ce Inna ta ce rumfar zana ma ta ishe ta. Ban yarda ba. Ki gaya mata kafin sanyi ya shigo, a ɗakinta za ta yi sallah, in Allah ya yarda.

Ƙaninki,
Idrisu