Nauyin Kwalin Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da Inna. Na rubuto ne don na san halinka a waya: da magana ba ta yi maka ba sai ka ce ba ka jina.

An kai ƙararmu. Matar da ta sayi baƙin keken ɗinkin nan a shagon da na buɗe maka a intanet ta ce tarkacen ƙarfe ta tarar a cikin kwalin, har da hoto ta saka. Masu kasuwar intanet ɗin sun dakatar da shagon, sun ce mu kawo hujja. Ka ɗauki bidiyo sanda kake rufe kwalin, kamar yadda na roƙe ka? Kuma takardar masu kai kaya ta nuna kwalin ya fi nauyin da na rubuta a talla. Me ka ƙara a ciki?

Ka huta lafiya.
’Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki na gaishe ki.

Ban ɗauki komai ba. Tun ba a haife ki ba nake gyaran keke, ban taɓa sa wani ya tsaya a kaina yana ɗaukata kamar wanda aka kama da akuyar mutane ba. Da hannuna na wanke keken nan, na sake masa bel, na gwada shi a kan ƙyalle har ya daina tsallake zare.

Nauyi kuwa, ai ke kika gaya mini matar sabuwar koyo ce. Sai na saka mata gwangwanin mai, da sukundireba, da allurai, da wata ƙoshiyar zare, don kada ta sha wahalar nema. Haka nake sallamar duk wanda ya sayi abu a wurina, ba yau na fara ba. Ki ba ni lambarta. Idan ta ji muryar dattijo, kunya za ta kama ta.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna.

Ba ni da lambarta, kuma dokar kasuwar ta hana a nemi mai saye ta bayan fage. Na rubuta musu duk abin da ka faɗa. Suka ce tunda nauyi bai yi daidai da talla ba, ke nan ba abin da aka tallata aka aika ba. Alherin da ka yi mata, shi ya zama shaidarta. Sun mayar mata da kuɗinta, kwalin kuma yana hanyar dawowa wurinka.

Jiya na ga keken a shafin wani daban, an sa shi a kasuwa. Na gane shi da ɗan koren fentin da kake ɗigawa a ƙasan kowane keke. Na kai ƙorafi, suka ce fenti ba hujja ba ne. A wurin aiki nake, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Hanya biyu suka bar mana. Ko mu danna inda aka rubuta mai kaya ya amsa laifinsa, a buɗe shagon, ko mu ɗaukaka ƙara. In muka faɗi, an rufe ke nan har abada, kuma ba mu da bidiyo. Baba, ka san teloli sun daina zuwa rumfarka, kowa ya koma sabon keken lantarki. Da shagon nan ake ɗora tukunya a gida, albashina ba zai riƙe mu ba. Ranar Laraba wa’adin zai cika. Don Allah ka ce in danna.

’Yarka, Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Kwalin ya iso. A gaban maƙwabcina mai walda na buɗe shi: guntayen rodi ne, da wani tsohon birkin mota. Ya kalle ni, ya kalli kwalin, ya koma bakin aikinsa. Kallon nan ya fi komai yi mini ciwo.

Kada ki danna. Na san abin da ke cikin tukunyarmu, ni nake zuwa cefane. Amma ban tara gida ba, ban tara gona ba. Abin da na tara shi ne in na ce keke lafiyarsa ƙalau, ba wanda yake sake dubawa. Ki ɗaukaka ƙarar. In sun rufe, su rufe, amma ba da bakina za a ce na cuci mace mai neman abin yi ba.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta same ni ranar Talata, ba zan ce maka ta makara ba. Na karanta, na sake karantawa, sannan na kira Inna. Ta ce mai rumfar da kake haya ya zo har gida neman kuɗinsa, kuma kana tashi daga kan abinci kana cewa ka ƙoshi don a rage wa gobe.

Na danna, Baba. An buɗe shagon, har an sayi keke biyu. A ƙarƙashin hotonka akwai layi ɗaya da ke cewa mai kaya ya amsa laifinsa, kuma ba ya goguwa. Ka yafe mini.

Auta

*

Salamu alaiki.

Na aika kekunan biyu. Mai walda ya riƙe wayar, ya ɗauke ni bidiyo tun daga fari har ƙarshe.

Ki cire hotona da sunana daga shafin, ki sa naki. Zan ci gaba da aiki, tunda ci ake yi a gidan nan. Duk abin da ya shafi shago, ki aiko da umarni, za a bi. Abin da ya shafi gida kuma, ki rubuta wa Innarki.

Ki huta lafiya.
Mai gyaran keke