Allon Bakin Gari

Zuwa ga ƙanena Delbert,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwarka, ya masarar bana? Ni lafiya lau nake a gidan tsofaffi na birnin Phoenix. Kulle mu suke yi, wai don amfaninmu.

Na ji matarka Verna ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Ka tuna ranar da kai da ita kuka tura ni cikin mota don a kawo ni nan? Ina kallo ka je allon da ke nuna yawan mutanen garinmu, ka sa fenti ka shafe 43 ka rubuta 42, ka ce, "Haba Yaya, lissafi ne kawai."

To, ragowar fentin yana rumbuna. Je ka rage Verna daga allon da hannunka. Lissafi ne kawai.

Yayanka,
Orval