Faifan da ke cikin jere

Litinin, 9 ga Disamba, 1974
Malam, maigidana, ya dawo daga Kano da labari. Dattawa na so ya shugabanci kwamitin makarantun Islamiyya na Birnin Kudu da Gwaram. Sun ce ɗan jarida ne, ga shirin matasa da yake yi a rediyo, yara na jin maganarsa. Bappansa, babban malamin Gwaram, shi ya kawo sunansa.
Malam ya ce mini, "Zahara'u, faifan nan kin fasa shi ko?" Na ce na fasa.
Ban fasa ba.

Alhamis, 12 ga wata
Yana cikin jerena, tsakanin manyan farantai biyu. Faifan garmaho ɗaya tak da ya yi tun yana saurayi a Kano, da goge. Danginsa ba wanda ya sani. Ɗan gidan malamai da goge! Ni kuwa shi ya sa na so shi. Ranar da ya sa mini shi, sai na ji kamar ni ce yarinyar cikin littafi. Yaya zan fasa?

Asabar, 14
Ƙawata Tani ta aro mini sabon littafi. Saurayin ciki ya bar gadon sarauta saboda abin da yake so. Na karanta wurin sau uku, har tuwo ya kama.

Juma'a, 20
Na shiga uku. Na manta wankin jere na Sallah. Hapsatu 'yar Bappa ta zo taya ni, ina can wurin murhu ta fara sauke kwanuka. Sai na ji, "Amarya, wannan baƙin farantin na miya ne ko na tuwo?" Tana dariya. Ta juya shi. Hapsatu ta yi firamare. Na ga bakinta yana haɗa baƙaƙen: Nuru Mai Goge.
Ta ajiye a hankali. Ko ruwa ba ta sha ba ta tafi.

Asabar, 21
Na faɗa wa Malam. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. "Kin ce kin fasa." Shi ke nan.

Lahadi, 22
Bappa ya aiko. Taro ran Alhamis, wai ya zo da "kayansa".
Allah ka gani, ba na so ya ji kunya. Amma wata zuciya na ce mini zai miƙe a gabansu ya ce e, ni ne, ku riƙe kujerarku.

Alhamis, 26
Malam ya dawo, ya ce Bappa bai ko ɗaga murya ba. "Nuru, ƙuruciya ce ko sana'a?" Ya ce ƙuruciya. "To ƙuruciya ba a ajiye ta a ɗaki." A nan zaure Malam ya karya faifan a gwiwarsa, gaban mutum tara.
Sun ba shi kujerar.

Lahadi, 29
Mata na ta zuwa barka. Hapsatu ta kawo dubulan, ta kira ni matar Shugaba. Na ji daɗi, wallahi na ji. Ya sha wuya kafin ya kai nan, ni shaida ce.
Da safe yana aske gemu ya fara wata 'yar waƙa ta hanci, ya gan ni ya yi shiru. Ban ce ya ci gaba ba.
Na mayar wa Tani littafinta. Saura shafi tara. Ta ce ko in faɗa miki ƙarshen? Na ce bar shi, ina da wanki.