Hatimin da Ke Gindin Takobin Kakana

Malama Kikue, ki taimake ni da shawara. Maigidana ya gano wata gaskiya, tun daga ranar kuwa ko shinkafarsa ba ya iya cinyewa.

Ba kuka na kawo miki ba. Ni da maigidan nawa, Motoharu, mun yi ritaya, muna zaune lafiya a garin Gifu. Shi yana tara takubban soja na lokacin yaƙi da kubensu, ni kuma ina share ƙurar ɗakin. Ba zai iya gaya miki launin rigar da na sa yau ba, amma daga bakin ƙofa zai hangi tuntun takobi ya ce na laftanar ne ko na kanar. Ni na karanta tarihi a jami'a, shi injiniya ne, amma a gidanmu shi ne masanin tarihi. Na bar masa.

Da aka zo rushe tsohon gidanmu na ƙauye, ma'aikata suka tsinci takobin kakana a cikin rufi, naɗe da tsohuwar rigar kimono. Kakata ce ta ɓoye shi lokacin da ake karɓe makamai bayan yaƙi. Mahaifiyata ta haura tamanin, kuma tun muna yara take ba mu labarinsa: gadon kakanni ne, wani babban maƙeri ya ƙera shi, mahaifinta ya sa masa kuben soja ya tafi da shi fagen fama. Ya dawo ba lafiya, bai daɗe ba ya rasu, tana ƙarama.

Motoharu ya wanke hannu, ya ciji takarda don kada numfashinsa ya taɓa ƙarfen, ya zare ƙusar gora, ya cire ƙota. Ya daɗe yana kallon gindin ƙarfen, sannan ya ce, "Uwar yara, zauna." Na ce, "Ai a zaune nake, sai dai in kwanta." Ya nuna mini wani ɗan hatimi da bai kai ƙwayar wake ba. Na masana'anta ne. Irin wannan takobi dubbai aka buga.

Kin san doka: wanda ba aikin maƙeri ba ne da wuya a yi masa rajista, marar rajista kuma ba ya zama a gida. Mun sanar da 'yan sanda, muna jiran ranar tantancewa. Kube da ƙota dai namu ne. Dabarar Motoharu ita ce a sassaƙa takobin katako, irin wanda masu tarawa ke sa wa kube don ya riƙe ƙota, a kai wa Mama a yi shiru. "Ba za ta taɓa zarewa ba," in ji shi, "ko wuƙar kifi tsoronta take ji." Ita kuwa har ta share wuri kusa da hoton mahaifinta. In gaya mata, ko in bar ta da maƙerinta?

Matar Mai Takubba

*

Ya ke Matar Mai Takubba,

Mijinki mutumin kirki ne. Ba kowane mai tara kayan tarihi ne zai ga hatimi ya fara tuna surukarsa ba. Kuma yana da hujja: labarin da mace ta rayu da shi tun tana maraya ba abin karyawa ba ne don kawai an iya karatun ƙarfe.

Sai dai ya manta da abu ɗaya. Mama ba sai ta zare ba, ɗagawa kawai za ta yi. Hannun da ya gama rayuwa yana ɗaukar tukunya ya san ƙarfe, ya san katako. A ranar za ta gane abu biyu: an sauya takobin, kuma kun yanke cewa ta tsufa da jin gaskiya. Na biyun ya fi ciwo.

Don haka kada ku yanke hukunci kafin masu tantancewa, wani lokaci mai hatimi ma yana wucewa. Amma ku ɗauko Mama tun yanzu ta zo ta gan shi da ƙarfensa. Ki gaya mata da bakinki, a taƙaice: wataƙila ba tsoho ba ne, wataƙila ba za a bar muku shi ba. Daga nan ki bar Motoharu ya yi abin da ya iya. Ya nuna mata muƙamin mahaifinta a tuntu, da inda tafin hannunsa ya cinye zaren ƙota. Wannan ba inji ne ya yi shi ba, kuma shi kakarki ta ɓoye.

Idan an hana rajista, ku tambaya ko wani gidan tarihi zai karɓa kafin a yi maganar yanyanka ƙarfen, kamar yadda ake yi wa marar rajista. Katakon kuma ku sa a kuben, amma da saninta.

Ina yi muku fatan alheri. Ki gaishe da Mama, ki kuma ce wa maigida ya ci abincinsa.

Kikue